Ku Tambaya Mu Amsa: Tsadar Na'urorin Gem, da Wanda Ke da Wasan Bayan Ka Biya Kuɗinsa

Wasiƙun wannan fitowar kusan duk a kan kuɗi da haƙƙin mallaka suke. Mun zaɓi shida daga ciki. Farashin da muka kawo na kasuwar Amurka ne, da dala, domin shi kamfanonin ke fara sanarwa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. A da in na'urar gem ta shekara biyu ko uku a kasuwa sai kuɗinta ya sauka. Na daɗe ina jiran PlayStation 5 ta yi sauƙi, sai ma tashi take yi. Me ya faru, kuma in ci gaba da jira? (Daga wani magidanci)

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da ka tuna gaskiya ne. PlayStation 2 ta shiga kasuwar Amurka a 2000 kan dala 299, a 2002 ta koma 199, a 2009 ta sauka har 99. Ita kuwa PlayStation 5 ta fito a Nuwamban 2020 kan dala 499 mai cin faifai, 399 marar cin faifai. A Agustan 2022 kamfanin Sony ya ƙara mata kuɗi a Turai da Japan da wasu ƙasashe, a Agustan 2025 kuma ya ƙara dala 50 a Amurka. Xbox Series X ma haka: daga 499 ta koma 599 a Mayun 2025, sannan 649 a Oktoban shekarar.

Tun asali ba daga sayar da na'urar ake cin riba ba. A shari'ar Epic da Apple ta 2021, wata jami'ar Microsoft ta shaida wa kotu cewa kamfanin bai taɓa cin riba a kan sayar da ita kanta Xbox ɗin ba, kuma a 2022 Phil Spencer, shugaban sashen Xbox na lokacin, ya ce suna yin asarar dala 100 zuwa 200 a kan kowace na'ura. Ana fanshe asarar daga kashi 30 cikin ɗari da mai na'ura ke cira a duk wasan da aka saya a shagonsa na intanet, da kuɗin rajistar wata-wata. Abin da ke sa farashi ya sauka a da shi ne ƙwaƙwalwar na'urar, wato guntun silikon da ke yin duk lissafin. Duk bayan shekara biyu ko uku sai a iya ƙera ta ƙarama. In ta ƙanƙance sai ta rage cin wuta, ta rage zafi, sai a rage girman fanka da taransifoma da kwalin kansa, kuɗi ya faɗi ta ko'ina. Yanzu ƙanƙantar da ita ba ya kawo wancan rangwamen, domin sababbin injinan ƙira sun yi tsada matuƙa, kuma kusan kowa a layin masana'anta ɗaya yake, wato TSMC ta Taiwan, wadda ke ƙera ƙwaƙwalwar PlayStation da ta Xbox duka, waɗanda kamfanin AMD ke tsarawa. Ga hauhawar farashi, ga faɗuwar darajar yen, ga harajin shigo da kaya da Amurka ta ƙaƙaba a 2025, ga kuma cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna wawashe guntayen ma'adanar bayanai da na'urorin gem ma ke buƙata.

Saboda haka ba mu ga alamar jira zai amfane ka ba, sai dai rangwamen 'yan kwanaki da ake yi a ƙarshen shekara. In za ka sayi ta hannu, ka sa faifai ka buga wasa mai nauyi na tsawon minti 30 a gaban mai sayarwa, ka saurari ƙarar fanka, ka girgiza wayar HDMI a hankali ka ga ko hoto zai ɗauke, sannan ka shiga intanet da asusunka. Na'urar da kamfani ya toshe tana kunnuwa lafiya ƙalau, sai ka zo shiga shago za ka gane an rufe mata ƙofa.

TAMBAYA: Zan saya wa yarana na'ura. An ce in ɗauki marar faifai don ta fi araha. Wani kuma ya ce wasan da aka sauke daga intanet ba nawa ba ne ko da na biya. Ta yaya abin da na biya kuɗinsa zai zama ba nawa ba? (Daga wata uwa)

AMSA: Hajiya, wanda ya gaya miki hakan bai yi ƙarya ba, kuma wannan ita ce tambayar da muka fi so masu karatu su tsaya a kanta. In kika latsa maɓallin saye a shagon intanet, lasisi kika saya, wato izinin amfani da wasan bisa sharuɗɗan da kamfani ya gindaya. Kamar mai hayar ɗaki ne da ya biya kuɗin shekaru masu yawa a dunƙule: makulli na hannunsa, amma ba zai sayar ba, ba zai bar wa magada ba, kuma ran da mai gida ya rushe ginin zamansa ya ƙare. Ba za ki iya sayar da wasan ba, ba za ki ba da aronsa yadda kike so ba, kuma in aka rufe asusun saboda wani laifi, duk wasannin da ke ciki sun bi shi.

Ba wai tsoratarwa muke yi ba, abin ya sha faruwa. Kamfanin Ubisoft ya fitar da wasan tseren mota The Crew a 2014. A Disamban 2023 ya daina sayar da shi, ranar 31 ga Maris 2024 ya kashe saba, wato babbar kwamfutar kamfanin a intanet da wasan ya dogara da ita, daga nan har wanda ke riƙe da faifai bai sake iya bugawa ba. Wannan ne ya tunzura Ross Scott ya kafa gangamin Stop Killing Games, wanda takardar kokensa ga Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya a Yulin 2025. Ba cewa suke yi a riƙe saba har abada ba. Suna neman a tilasta wa kamfani ya bar wasa a halin da za a iya ci gaba da buga shi in ya janye hannunsa, kuma a ganinmu wannan buƙata ce ta adalci. Jihar Kaliforniya ma ta yi doka mai lamba AB 2426, wadda ta fara aiki a Janairun 2025, da ta hana shago ya ce "saya" ba tare da bayyana wa mutum ƙarara cewa lasisi ne ba. Tun Oktoban 2024 Steam, shagon wasannin kwamfuta na intanet, ya fara rubuta hakan a wurin biyan kuɗi. Dokar ba ta ba mai saye mallaka ba, ta dai hana a yaudare shi.

Su kansu shagunan ma suna mutuwa. Nintendo ya daina sayar da wasanni a shagon Wii U da 3DS a Maris 2023, Microsoft ya rufe na Xbox 360 a Yulin 2024. A duka biyun an bar wa mutane damar sake sauke abin da suka riga suka saya, amma alfarma ce ta kamfani, ba wajibi ba. Wani bincike da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na wasannin da suka fito a Amurka kafin 2010 ba a sayar da su a ko'ina yanzu.

To faifai fa? Ya fi, amma shi ma a duba. Wani faifan ba komai a cikinsa sai mabuɗi. Na Call of Duty: Modern Warfare II da ya fito a 2022 bai ɗauke da ko megabayit 100 ba, alhali wasan ya kai gigabayit masu yawa da sai an sauke. A Switch 2 ta Nintendo kuma, wadda ta fito 5 ga Yunin 2025 kan dala 449.99, akwai katin da ake kira Game-Key Card. Wasan ba ya cikinsa, sai an sauke a karon farko, kuma dole katin ya kasance a cikin na'ura kafin a buga. Amfaninsa ɗaya shi ne ana iya sayar da shi ko a ba da aro. Ana rubuta hakan a gaban kwali, daga ƙasa. A kwalin PlayStation da Xbox kuma ki duba inda aka ce ana buƙatar intanet.

Hukuncinmu shi ne ki ɗauki mai faifai. Bambancin kuɗin dala 100 ne a farko, ya koma 50 da fitowar sabon samfuri a ƙarshen 2023, kuma wasa biyu na hannu sun isa su maido miki da shi. Mai na'ura marar faifai shago ɗaya tak yake da shi, farashin da aka yanka masa shi zai biya. Araha ba ta ado. In ma kin riga kin sayi sabon samfurin PlayStation 5 marar faifai, ana sayar da macin faifan daban kan kusan dala 80 a maƙala, sai dai yana buƙatar intanet sau ɗaya don a haɗa shi da na'urar. Samfurin farko na 2020 marar faifai ba ya karɓar wannan.

TAMBAYA: Wasa biyar kawai na sa, na'ura ta ce wuri ya cika. Yaya zan ƙara? (Daga wani matashi)

AMSA: PlayStation 5 ta farko an rubuta gigabayit 825, amma kusan 667 ne naka, sauran manhajar na'ura ta cinye. Ka nemi ma'ajiya samfurin M.2 NVMe, ta PCIe Gen4, mai saurin karatu megabayit 5,500 a daƙiƙa ko fiye, girmanta daga gigabayit 250 zuwa terabayit 8. Wadda aka fi samu ita ce mai lamba 2280. Lallai ta kasance da ƙarfen shan zafi a jikinta, kuma kaurinta duka kada ya wuce milimita 11.25, in ba haka ba murfi ba zai rufu ba. Samfurin M.2 SATA yana kama da ita a ido amma ba ya aiki, kuma nan ne mutane suka fi yin asara.

Kashe na'urar gaba ɗaya, cire duk wayoyi, bar ta ta huce. Taɓa wani ƙarfe don sauke lantarkin jikinka. Zame murfin gefe, za ka ga wani dogon marfi kusa da fanka da noti ɗaya. Kwance shi. A ciki akwai ƙaramin noti da zoben da ke ƙarƙashinsa, ka matsar da zoben zuwa ramin da aka rubuta 80. Cusa ma'ajiyar a karkace har ta shige, kwantar da ita a kan zoben, ɗaure notin ba da ƙarfi sosai ba. Wanda ya manta zoben yakan lanƙwasa ma'ajiyar garin ɗaurewa. In ka kunna za ta nemi ka goge ta don shirya ta, kuma duk abin da ke ciki zai tafi. Ma'ajiyar da ake jonawa ta USB tana iya ajiye wasan PlayStation 5 amma ba a buga shi daga can, na PlayStation 4 ne kaɗai ke buguwa. Xbox Series tana da katinta na musamman da ake cusawa ta baya, Switch 2 kuma microSD Express kaɗai take karɓa.

TAMBAYA: Ana tallata asusu cike da wasanni a kan kuɗi kaɗan. Akwai matsala? Kuma ni da ƙanena za mu iya raba wasa ɗaya? (Daga wani ɗalibi)

AMSA: Matsala babba. Sayar da asusu ya saɓa wa sharuɗɗan Sony da Microsoft da Nintendo. Wanda ya buɗe asusun yana riƙe da imel na asali da rasiɗin farko, ko yaushe zai iya zuwa wa kamfani ya ce an yi masa kutse a maido masa. Wasu wasannin kuma da katin banki na sata aka saye su. In mai katin ya kai ƙara banki ya janye kuɗin, sai a kulle asusun, wani lokaci har da na'urar. Ba ka da inda za ka kai kuka.

Rabawa a cikin gida kuwa halal ce a tsarin. A PlayStation 5 ka shiga Settings, sai Users and Accounts, sai Other, sai Console Sharing and Offline Play, ka kunna. Duk wanda ke kan wannan na'urar zai buga wasanninka da asusunsa, kuma za su buɗe ko babu intanet. Na'ura ɗaya tak ake yi wa wannan a lokaci guda. In ka kunna a ta ƙanenka, taka za ta riƙa neman intanet kafin ta buɗe maka wasa, kuma da zarar layi ya yanke sai ka ga alamar kwaɗo a kan wasan. In kwaɗon ya fito ba dalili, akwai Restore Licenses a wuri ɗaya. A Xbox sunan tsarin My home Xbox, kuma sau biyar kawai ake canza shi a shekara. Wani tarko kuma: ƙasar da ka zaɓa ranar buɗe asusun PlayStation ba ta canzuwa, katin sa kuɗi dole ya zama na ƙasar, kuma ƙarin kayan wasa da ka saya a asusun Amurka galibi ba ya aiki da faifan Turai.

TAMBAYA: Wasa ɗaya dala 70, wani ma 80. Ba zalunci ba ne? (Daga wani mai karatu)

AMSA: Ɗan'uwa, akwai gaskiya a ɓangarori biyu, amma ba daidai suke da nauyi ba. Dala 60 ta zama farashin babban wasa tun zamanin Xbox 360 a 2005, ta zauna haka shekara goma sha biyar, kuma wancan kuɗin ya haura dala 90 a darajar yau. A 2020 aka koma 70, a 2025 Nintendo ya sa wa Mario Kart World dala 79.99. Kuɗin aiki ma ya tashi ƙwarai. Wata takardar Sony da ta fito a shari'ar hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, da Microsoft a 2023, wadda ba a shafe alƙalumanta da kyau ba, ta nuna The Last of Us Part II ya ci dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma miliyan 212, da ma'aikata sama da 300 na tsawon shekara biyar. Yawancin kuɗin albashi ne. Yi lissafi da kanka: wasan dala 70, mai shago ya cire 21, saura 49. In aikin ya ci miliyan 200, sai an sayar da kwafi sama da miliyan huɗu kafin a maido da uwar kuɗi, ba a ma sa kuɗin talla ba.

Amma wa ya ce dole sai an kashe miliyan 200? Kamfanonin ne suka zaɓi gasar ƙawata hoto da faɗaɗa duniyar wasa har ta fi ƙarfin mai bugawa. Kuma masu saye sun ninka na 2005, kuɗin buga faifai da dako ya ragu tunda yawancin ciniki ta intanet ne, ga sayar da kaya a cikin wasan bayan an biya cikakken farashi. Idan kuɗi ya yi yawa haka tsoro ke shiga, sai kowa ya riƙa kwaikwayon abin da ya karɓu. Wasan Concord na Sony ya fito 23 ga Agustan 2024, aka janye shi 6 ga Satumba, aka mayar wa mutane kuɗinsu, daga baya aka rufe kamfanin da ya yi shi. Ma'aikata ne suka kwana ciki. A ɗaya gefen, Hollow Knight: Silksong da wata 'yar ƙaramar tawaga a Ostireliya ta yi ya fito a Satumban 2025 kan dala 20.

Kada ka biya kuɗi kafin wasa ya fito. Cyberpunk 2077 ya fito a Disamban 2020 cike da kurakurai har Sony ya cire shi daga shagonsa sai Yunin 2021. Steam na mayar da kuɗi cikin kwana 14 in ba ka buga awa biyu ba. PlayStation ma kwana 14 ne, amma da zarar ka fara saukewa damar ta wuce, sai in wasan na da lahani. Rajistar wata-wata kuwa, Game Pass Ultimate na Xbox ya koma dala 29.99 a Oktoban 2025, wato kusan 360 a shekara, kuɗin sababbin wasanni biyar. A wancan farashin, in ba ka buga fiye da haka a shekara, saye ya fi maka.

TAMBAYA: Ina koyon rubuta manhaja, burina in ƙirƙiri wasa ya hau PlayStation. Daga ina zan fara? (Daga wata ɗaliba)

AMSA: Madalla da wannan buri, ƙanwarmu. Fara da kwamfuta, ki ajiye maganar PlayStation tukuna. Injinan haɗa wasa uku aka fi amfani da su. Godot kyauta ne gaba ɗaya, ba ya karɓar ko sisi daga cinikinki, kuma yana tafiya a kan ƙaramar kwamfuta. Unity kyauta ne in kuɗin shigarki bai kai dala 200,000 a shekara ba, sai dai a Satumban 2023 kamfanin ya yi yunƙurin cajin kuɗi a kan duk saukewa, ya janye bayan shekara guda da aka yi masa ca. Wannan darasi ne cewa mai ƙirƙira ma a ƙarƙashin lasisin wani yake. Unreal na karɓar kashi 5 cikin ɗari bayan wasa ya haura dala miliyan ɗaya, amma yana son kwamfuta mai ƙarfi. Ga mai farawa, Godot muke ba da shawara.

Wasanki na farko ya zama mai allo ɗaya da dabara ɗaya, wanda za ki gama cikin wata guda, har da shafin farawa da sauti da ajiye maki da abin da ke faruwa in an faɗi. Abin da ya fi kashe aikin masu farawa shi ne faɗaɗa buri a tsakiyar hanya, musamman sa wasan haɗaka ta intanet, wanda ke ninka wahala sau da yawa. Ki ajiye kwafin aikinki da Git, manhajar da ke adana duk canjin da kika yi, tun ranar farko. Ki ba mutane biyar su buga a gabanki, ki yi shiru kina kallo. Duk inda suka rikice, ƙirar ce ke da gyara. Eric Barone shi kaɗai ya yi Stardew Valley, amma ya shafe sama da shekara huɗu a kai kafin fitowarsa a 2016, don haka ki auna lokacinki da gaskiya.

In ya kammala, shafin itch.io na karɓa kyauta. Steam na karɓar dala 100 a kan kowane wasa, ana maido miki in cinikin ya kai dala 1,000, kuma sai shafin tallan wasan ya yi aƙalla mako biyu a buɗe kafin fitarwa. Hawa na'urorin gem kuma sai kin yi rajista da shirin kamfanin, irin su ID@Xbox ko PlayStation Partners, kin sa hannu a yarjejeniyar riƙe sirri, kin sami na'urar gwaji ta musamman, sannan wasan ya tsallake tantancewa. A can za a cire hannun wasa ana tsakiyar bugawa, a yanke intanet, a cika ma'ajiya ana cikin ajiya, a ga ko zai rushe. Godot ba ya fitar da wasa kai tsaye zuwa waɗannan na'urori saboda wancan sirrin, sai ta hannun kamfanonin da ke yin aikin juyawa, irin su W4 Games. Duk hoto da sauti da salon rubutun da kika ɗauko daga waje, ki adana takardar lasisinsa a babban fayil ɗaya, domin in aka yi ƙorafin haƙƙin mallaka ita za a fara tambayarki.